Rumbun Yusufu da rumbun mai arziki: nassi, tsimin hatsi da bashi a ƙasar Arewa

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba abin da Littafi Mai Tsarki ya ƙunsa game da ajiyar hatsi da bayar da bashinsa, tare da auna shi da halin da manomin ƙasar Arewa yake ciki. Mun nuna cewa nassoshin da ke umartar tanadi da waɗanda ke gargaɗi a kansa suna haɗuwa a kan ma'auni guda, wato halin da mai buƙata yake ciki bayan ya ci hatsin rumbun.

1. Gabatarwa

Dumega ƙaramar hukuma ce ta karkara a cikin kwarin Dallol Mawri, jahar Doso, kusa da iyakar Najeriya. Har zuwa 2011 tana ƙarƙashin gundumar Dogon Dutsi. A wannan shekara ce aka haɗa ta da Tibiri da Geceme da Kore Mairuwa aka kafa gundumar Tibiri. (Kada a rikita wannan Tibiri da Tsibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi.) Mutanen yankin manoma ne. Suna shuka hatsi da dawa da wake da gujiya a tudu, rake da rogo da kayan garka a fadama. Damina ɗaya ce, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka abin da aka girbe a Oktoba shi ne zai riƙe gida har wata kakar. Tsakanin waɗannan kaka biyu babu abin da ke tsaye sai rumbu.

Kiristoci a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, amma Arewa tana cikin yankunan da addinin ya yi saiwa tsakanin ƴan ƙasa. Mishan ɗin SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924, ya buɗe tashoshi daga baya a Dogon Dutsi da Geceme, kuma daga aikinsa ne ikilisiyar EERN ta fito a lokacin samun mulkin kai. Mishan ɗin Katolika ma yana Dogon Dutsi da lakkwal ɗinsa tun zamanin Turawa. Littafin da ake karantawa a majami'un ƙauyuka na Hausa ne: fassarar farko cikakkiya ta fito a 1932, sabuwa kuma a 1979. Abin lura shi ne Kiristan Arewa, galibi, ɗan gida ne. Wansa ko kawunsa Musulmi ne, wataƙila kakarsa ƴar bori ce, gonakinsu kuma suna iyaka da juna. Don haka yadda ya fahimci nassi a kan hatsi ba ya tsayawa a ƙofar majami'a, yana shiga kasuwa da gandu da zumunci.

Tambayar da za mu bi ita ce: me nassi ya ce wa mai rumbu, da mai neman abin da ke cikin rumbun?

2. Rumbuna huɗu a tarihin yankin

Na farko shi ne rumbun gandu. Hatsi yana shiga cikinsa dami-dami, da zangarniyarsa, domin a haka ya fi jimre wa ƙwari. Maigida ne ke da ikon buɗe shi. Guy Nicolas da Claude Raynaut sun bayyana yadda a ƙasar Maraɗi ake rufe babban rumbu bayan kaka, mata da samari su ci da kansu daga gamana da sana'a da cin rani, sai an fara aikin gona a sake buɗe shi. Hikimar a fili take: cimaka ta fi tsada a lokacin da jiki ya fi buƙatarta, wato lokacin noma.

Na biyu shi ne rumbun tilas na zamanin Faransawa, wanda suka kira «greniers de réserve». An tsananta shi bayan yunwar 1931, wadda ta biyo bayan ɓarnar fara, ta halaka jama'a masu yawa a yammacin Nijar alhali ana ci gaba da karɓar haraji. André Salifou da Finn Fuglestad da Boureima Alpha Gado duk sun yi nazarin wannan yunwa. Manufar rumbun tanadi ce, amma mabuɗinsa yana hannun kwamanda da sarakuna, shi ya sa talakawa suka ɗauke shi wani haraji na biyu, jam'iyyun siyasa na bayan 1946 kuma suka sa soke shi cikin buƙatunsu.

Na uku shi ne rumbun gwamnati, wato ofishin OPVN da aka kafa a 1970. Zargin karkatar da hatsin agaji a yunwar 1973-1974 yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974.

Na huɗu shi ne bankin hatsi na ƙauye, wanda ya yaɗu a Sahel bayan farin shekarun 1970 da na 1984. Ƙungiyoyin raya karkara ne suka kawo shi, cikinsu har da na ikilisiyoyi. Ana sayen hatsi da kaka, a ajiye a mangaza, a sayar wa mutanen gari da damina a ƙasa da kuɗin kasuwa. Da yawa daga cikin waɗannan bankuna sun mutu cikin ƴan shekaru, saboda bashin da ba a biya ba, da cin amanar masu riƙon kuɗi, da rashin iya gasa da ƴan kasuwa.

Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan an kafa shi da sunan maganin yunwa. Bambancinsu yana ga mai riƙe da mabuɗi, da lokacin buɗewa, da sharaɗin da ake gindaya wa mai karɓa.

3. Nassoshin da suka yi kama da masu saɓani

Mai karatu zai tarar da jeri biyu. A jeri na farko akwai Farawa 41, inda Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi domin shekaru bakwai na yunwa. Akwai kuma Karin Magana 6:6-8, inda aka aiki rago ya je ya koyi tanadi wurin tururuwa. Labarin Yusufu yana da wata daraja ta musamman a Arewa, domin maƙwabci Musulmi ya san shi daga Suratu Yusuf, inda a aya ta 47 aka ce a bar abin da aka girbe cikin zangarniyarsa, daidai da yadda ake yi a rumbun gandu.

A jeri na biyu akwai Fitowa 16, inda manna take ruɓewa idan an kwana da ita, sai dai a jajiberen Asabar. Akwai Matiyu 6:26 a kan tsuntsayen da ba su da rumbu amma Allah yana ciyar da su. Sai kuma misalin Luka 12:16-21: mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta, a daren nan kuwa aka karɓi ransa.

Mai wa'azi yana iya ɗaukar jerin da ya dace da shi ya bar ɗayan. Da kaka a karanta Yusufu, da Agusta, sa'ad da rumbuna suka koma kango, a karanta tsuntsaye. Amma idan aka duba misalin Luka da kyau, za a ga laifin mutumin ba gina rumbu ba ne. A duk zancen da ya yi da zuciyarsa babu wani mahaluki sai shi: ba ma'aikacin da ya nome gonar, ba maƙwabci, ba maraya. Manzo Bulus ma, da ya ɗauko labarin manna a 2 Korantiyawa 8:13-15, bai yi amfani da shi don hana ajiya ba; ya yi amfani da shi don neman daidaito tsakanin ikilisiyar da ke da yalwa da wadda ke cikin rashi. Ke nan jerin biyu ba su yi faɗa a kan ajiya ba. Tambayar da suke yi ita ce: don wa aka ajiye?

4. Babin da ba a cika karantawa ba

Labarin Yusufu bai ƙare a babi na 41 ba. A Farawa 47:13-26 an faɗi yadda aka buɗe rumbunan. Da farko Masarawa suka sayi hatsi da kuɗi har kuɗin ya ƙare. Sa'an nan suka ba da dabbobinsu. A shekara ta gaba suka ba da gonakinsu da kawunansu, ƙasar duka ta zama ta Fir'auna, ban da ta firistoci, aka kuma ɗora musu biyan kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har abada. Hatsin da aka sayar musu kuwa daga gonakinsu aka tara shi tun farko.

Duk wanda ya san karkarar Nijar zai gane wannan tsani, domin a kansa magidanci yake sauka a shekarar yunwa: kuɗin hannu, sai akuya da tunkiya, sai sa da amalanke, sai jinginar gona, daga ƙarshe ya tafi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasa take buƙatar noma. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, buhun hatsi mai kilo 100 ya kusa sefa 30.000 a wasu kasuwanni, kuɗin dabbobi kuma ya faɗi. Hatsi yana nan a kasuwa, ikon sayensa ne ya kuɓuce wa talaka, kamar yadda Amartya Sen ya bayyana tun 1981 game da yunwa gaba ɗaya. Gwamnati ta fara da sayarwa a farashi mai rahusa, ba ta yarda da rabon kyauta ba sai da damina ta yi nisa. Ga garuruwan bakin iyaka irin Dumega akwai ƙarin haɗari, tun da farashi yana bin kasuwar Najeriya: rufe iyaka na 1984 ne ya sa aka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan Buhari, an kuma sake rufe ta daga 2023 zuwa farkon 2024.

Marubucin Farawa bai yanke wa Yusufu hukunci ba, har ma ya ce Masarawa sun gode masa da ya ceci rayukansu. Amma sauran littattafan Attaura sun kafa wa Isra'ila dokokin da ke hana maimaita abin da ya faru a Masar. Littafin Firistoci 25 ya hana sayar da gona har abada, ya kuma ba dangi ikon fansarta. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta kafa wani rumbu dabam: zakkar shekara ta uku, wadda ake tarawa a cikin garin kansa, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. A Nehemiya 5 an ga dokar tana aiki: mutane suka kai kuka cewa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu don samun hatsi a lokacin yunwa, Nehemiya ya tara manyan gari ya sa suka mayar da gonakin.

Daga nan muke fitar da ma'aunin da muka ambata a sama. Rumbu nagari, a mahangar waɗannan nassoshi, shi ne wanda mai buƙata zai ci daga cikinsa, kaka ta zo ta tarar da gonarsa tana hannunsa.

Wannan bai hana a gindaya sharaɗi ba. A yunwar 1984 a ƙasar Maraɗi, shirin raya karkara na SIM, inda Tony Rinaudo yake aiki, ya raba cimaka bisa sharaɗin manomi ya bar kututturan itatuwa su tofo a gonarsa. Da rabon ya ƙare da yawa sun sare itatuwan, wasu kuwa suka ga amfaninsu suka ci gaba, har dabarar ta yaɗu a kudancin ƙasar. Ana iya muhawara a kan dacewar ɗaura sharaɗi a wuyan mai jin yunwa. Abin da ya raba wannan da na Farawa 47 shi ne amfanin sharaɗin ya zauna a gonar mai ita.

5. Riba da riba

Hausa ta aro kalmomi biyu daga Larabci waɗanda rubutun boko yake haɗewa. Akwai riibàa, mai dogon wasali a gaɓar farko, wato abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa. Akwai kuma rìbaa, mai gajeren wasali da karin sauti ƙasa a farko, wato ƙarin da ake ɗora wa bashi, wanda aka fi sani da «ruwa». Tun da ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, duka biyun «riba» ake rubuta su. Wannan haɗuwa ta rubutu tana da takwararta a kasuwa, inda ake shigar da ta biyu cikin rigar ta farko.

Ga lissafi na misali. Mu ɗauka tiyar hatsi tana sefa 800 a Agusta, tana sefa 400 a Nuwamba. Manomi ya karɓi tiya 10 a Agusta, mai hatsi ya ƙidaya bashin da kuɗi, sefa 8.000, a biya da hatsi bisa farashin kaka. Da kaka manomin zai auna tiya 20. Mai hatsi zai rantse bai ɗora ko dala ɗaya ta ruwa ba, kuma a lissafin kuɗi gaskiya ya faɗa. A lissafin rumbu kuwa, bashin ya ninka cikin wata uku, kuma ramin baɗi ya riga ya fara.

Littafin Firistoci 25:35-37 ya rufe wannan ƙofa, domin ya ambaci abu biyu: ruwa a kan kuɗi, da ƙari a kan abinci. Amos 8:4-6 ya ƙara da dabarun awo: rage mudu, ƙara farashi, sayar da dusa a matsayin hatsi. Duk da haka nassi bai haramta cinikin hatsi ba. Karin Magana 11:26 ta ce jama'a suna la'antar mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan wanda ya fito da shi ya sayar. Abin lura a nan shi ne mai sayarwa aka sa wa albarka, ba lalle sai mai kyauta ba.

Wannan bambanci yana warware wata matsala da ke damun bankunan hatsi na ikilisiya. Idan banki bai ɗora kome ba, jarinsa zai narke, domin akwai ɓarnar ƙwari da ɓeraye, da kuɗin buhu da sufuri da mai gadi. Idan ya ba da buhu ya karɓi buhu da rabi, ya zama abin da aka kafa shi don ya yaƙa. Mafita ita ce a rarrabe ayyuka uku da ake yawan cakuɗawa. Ciniki: a saya a 400, a sayar hannu da hannu a 550 lokacin da kasuwa take 800, wannan riibàa ce, kuma ita ke raya banki. Rance: tiya a maimakon tiya, ga wanda ake sa ran zai iya biya. Kyauta: ga wanda ba zai iya biya ba, daga baikon godiya na kaka, a rumbu dabam da littafi dabam. Dokar kala a Littafin Firistoci 19:9-10, da ta damin da aka manta a gona a Maimaitawar Shari'a 24:19, suna nuna cewa rabon matalauci haƙƙi ne da ake warewa tun a gona. Al'adar kala kuwa Bahaushe ya san ta tun kafin zuwan mishan. Banki da yawa sun mutu ne saboda an kira abu rance alhali mai bayarwa da mai karɓa duk sun san kyauta ce.

Nassi bai bar mai cin bashi ba shi ma. Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma Zabura 37:21 ta sa wanda ke ci ba ya biya cikin mugaye. Tiya 10 da ba a mayar ba, wani gida ne aka hana su a damina mai zuwa.

Akwai kuma dabarar da ake kira «warrantage», wadda wani shirin hukumar FAO ya yaɗa a Nijar daga 1999: manomi ya ajiye hatsinsa a mangaza mai kwaɗo biyu, ya karɓi rancen kuɗi a kansa, ya fanshe shi lokacin da farashi ya hau. Akwai ruwa a rancen, don haka tambayar Firistoci 25 ba ta kau ba. Amma bisa ma'aunin sashe na 4 tana da abin yabo, domin hauhawar farashi manomi take amfana.

6. Wane ne ɗan'uwa, kuma wa ke riƙe da mabuɗi?

Maimaitawar Shari'a 23:19-20 ta hana karɓar ruwa daga ɗan'uwa, ta halatta shi daga baƙo. Wanda ya tsaya a nan zai iya cewa rangwame na ƴan ikilisiya ne kawai. A Arewa wannan karatu yana da wuyar tsayawa, tun da wanda za a kira baƙon sau da yawa uwa ɗaya uba ɗaya ne da mai rumbun. Sabon Alkawari ma ya faɗaɗa iyakar: misalin Basamariye a Luka 10, da umarnin ba da rance ba tare da sa ran samu ba a Luka 6:34-35. Galatiyawa 6:10 ta ba masu bi fifiko, amma ta fara da kowa.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 a kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda aikin likita da agaji na mishan ya jawo godiya da zargi a lokaci guda. Idan hatsi ya zama ƙugiyar jawo mutum majami'a, to an koma Farawa 47 ta wata hanya: a can gona aka karɓa, a nan lamiri. Ga ƴan tsiraru, waɗanda suka ga ƙone-ƙonen majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, tsabtar rabo tana cikin abin da ke tsare zaman lafiyarsu.

Game da mabuɗi, Sabon Alkawari ya ba da misalai biyu na tsari. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunagunin ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabo, manzanni ba su riƙe aikin ba. Jama'a ce ta zaɓi mutum bakwai. A 2 Korantiyawa 8:18-21 Bulus ya sa wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa su raka gudummawar, don kada a sami abin zargi. Ma'anarsa ga bankin ƙauye a fili take: kada mabuɗi da littafi da akwatin kuɗi su taru a hannu ɗaya, ko da hannun fasto ne, a auna a gaban jama'a, a sa mata a kwamiti, tun da su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Idan kuma an kai ga jinginar gona, a rubuta ta a gaban hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, don jingina kada ta rikiɗe ta zama sayarwa.

7. Kammalawa

Mun ga cewa nassoshin tanadi da na dogara ga Allah suna haɗuwa a kan tambayar wanda aka ajiye dominsa, kuma Farawa 47 da Nehemiya 5 suna ba da ma'aunin da za a iya gwadawa a fili: bayan yunwa, gona da dabba da ƴancin mai karɓa suna hannun wa? Ma'aunin ba na Kirista kaɗai ba ne, domin fiƙihun Musulunci ma ya hana riba da ɓoye abinci don jiran tsada, al'adar gandu kuma tana da nata dokokin rufewa da buɗewa. Aikin da muke ba ɗalibai shawara su yi a Dumega da Geceme da Kore Mairuwa kashi biyu ne. Na farko, tattara kalmomin bashi da awo kamar yadda ake faɗarsu a kasuwa, da tsawon wasali da karin sautinsu, a gwada su da kalmomin da fassarar 1932 da ta 1979 suka zaɓa a Littafin Firistoci 25. Na biyu, ɗaukar wa'azin kaka da na tsakiyar damina a majami'a da masallaci na gari ɗaya, a ga nassin da ake karantawa a kowane lokaci, da wanda ake tsallakewa.